Ƙasidar da Na Hana 'Yan Tubali

Jiya da hantsi wasu samari uku suka faɗo mini situdiyo, ko sallamar kirki babu, ɗaya ya dire kwamfutarsa a kan teburina kamar wanda ya zo rabon gado. Wai sun ji ina koyar da haɗa sauti, amma kafin su zauna suna so su san da wace manhaja nake aiki. Na ce da Layi. Suka kalli juna suka yi 'yar dariya, wai Layi ai ta tsofaffi ce. Na tambayi mai kwamfutar ko ya iya naɗe wayar makirfo ba tare da ta karye a ciki ba. Ya ce shi furodusa ne, ba mai naɗe waya ba. To saboda su da ire-irensu na zauna nake wannan rubutu, don bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Bari in fara da sunayen, saboda wanda ba ɗan sana'a ba. Manhajojin da ake haɗa waƙa da su a kwamfuta suna da sunayensu na Turanci, amma mu nan cikin ganuwa ba da su muke kiransu ba. Guda biyu ne suka raba garin. Ɗaya muna ce mata Layi, domin in ka buɗe ta dogayen layuka za ka gani a kwance, murya na tafiya a kansu yadda zaren kaset ke tafiya. Ɗayar kuma Tubali, domin ƙananan akwatuna ne a jere. Ka danna wannan ganga ta buga, ka danna wancan kuge ya amsa, ka yi ta ɗorawa kamar magini har kiɗa ya tashi. Iyakar abin da ido ke gani ke nan. Amma a kan wannan na ga mutum ya ƙi zuwa sunan ɗan abokinsa.

Ɗan Layi yana ganin ɗan Tubali mai wasan ƙasa ne da bai san murya ba. Ɗan Tubali yana ganin ɗan Layi tsoho ne da ke kwana uku a kan abin da ake gamawa kafin shayi ya huce. A teburin mai shayi na Ƙofar Kuyambana har benci ya rabu, namu na gabas, nasu na yamma, kuma ba wanda ya zauna ya tsara hakan. Babban abin haushin, masu kawo aiki ma sun ɗauka. Mutum zai zo a yi wa ƙanwarsa waƙar biki, bai san inda ake kunna kwamfuta ba, amma ya toge a bakin ƙofa yana tambaya, “Malam, Layi ce ko Tubali? Don mu gidanmu ba ma yin Tubali.” Gidanku! Sai ka ce ɗariƙa. Ni kuwa a wancan lokacin daɗi nake ji, har in jawo masa kujerar da ba ta girgiɗi.

Aikina na farko a wannan sana'a shara ne. Oga Isiyaku, wanda ya koya mana, yana da shago a Kongo tun zamanin kaset. Mu biyu ya ɗauka a shekara ɗaya, ni da Lawandi, ɗan unguwarmu da muka taso tare. Wata shida ba mu taɓa na'ura ba. Mu yi shara, mu naɗe waya, mu goge kan rikoda da auduga, mu rataya tsofaffin barguna da katifu a bango don kada murya ta bugi gini ta dawo. In mawaƙi ya zo, Oga ya zaunar da mu a ƙasa ya ce mu rufe ido. Bayan an gama ya ce, “Me kuka ji?” In ka ce waƙa ka ji, ka sha ranƙwashi. So yake ka ce ka ji fanka, ka ji mawaƙin ya ja baya da taku ɗaya a baiti na uku, ka ji 'yar amshin da ke hagu mura take yi. A kaset ba a gyara kuskure. In an yi tuntuɓe a ƙarshe sai a koma farko, ko mutum goma ne a ɗakin. Shi ya sa muka koyi ji kafin mu koyi taɓawa, ku kuwa kun koyi taɓawa, jin ne har yau ba ku fara ba.

Da kwamfuta ta shigo Oga ya riga ya tsufa, ya ce shi ba zai koyi kallon waƙa da ido ba. Ya sallame mu da addu'a. Na buɗe nawa a zauren gidanmu, Lawandi ya kama shago a bakin titi. Na ɗauki Layi saboda ta yi mini kama da kaset. Lawandi ya ɗauki Tubali saboda wani ɗalibin jami'a ya biyo ta shagonsa ya saka masa ita. Wallahi iyakar dalilin ke nan. Da ɗalibin nan ta zaurenmu ya biyo, da yau ni ne nake zagin Layi a bencin yamma.

Akwai wani aiki da ya ƙara mini taurin kai. Ɗan Mairo, makaɗin mahauta, ya shigo mini wata rana da kalangu a hammata, fuska a murtuke. Ya je wurin wani ɗan Tubali a Tudun Wada an ɗauki kiɗansa, aka bi kowane bugu aka tura shi cikin akwatinsa don ya zauna daidai da ma'auni. Ya sa mini na ji. Kiɗa tsaf, ba gaba ba baya, kamar injin niƙa.

“Ka ji fa,” in ji shi. “Kalangu magana yake yi. Inda zan kira Sarkin Fawa nakan ɗan jinkirta, don girma ba ya gaggawa. Sun cire jinkirin. Yanzu kiransa nake kamar ina tsayar da ɗan acaɓa.”

Na ɗauke shi a Layi, na bar masa jinkirinsa, ya fita yana sa mini albarka. Daga ranar na samu abin faɗa a teburin shayi: Tubali kurkuku ce, abin da ya shige ta da rai ba ya fitowa da rai. Na haura shekara goma ina wannan huɗuba.

Amma kada in ci amanar gaskiya. A kakar siyasa na ga abin da Tubali ta iya. Ɗan takara zai aiko da safe yana son waƙa kafin la'asar, da sunan kowace gunduma a ciki. Lawandi ya jera tubalinsa, ya zuba fiyano, mawaƙi ya shiga ya fita, kafin azahar mota ta fara yawo da ita. In ɗan takarar ya sauya sheƙa washegari, a zare tubali biyu a sa wasu. Ni kuwa ina zaure ina sauraren numfashin 'yan amshi. Kuma ba duka waƙoƙin ne shara ba, akwai waɗanda har yau in na ji ƙafata kan motsa, sai na tsawata mata. Matasa suka koma can kaf. Ni aka bar mini sha'irai masu mandiri, da 'yan Islamiyya masu waƙar saukar karatu, da tsofaffi. Muna gaisawa da Lawandi, muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, amma ban taɓa taka cikin shagonsa ba, shi ma bai taɓa wuce dakalin zaurena ba.

Aikin da nake so ku kasa kunne a kai shi ne na Malam Tukur na Limancin Kona. Tsoho ne da ya haura tamanin, ido ya tafi, amma murya na nan. Mahaifinsa ya bar ƙasidu na Hausa rubuce da ajami, na wa'azi da na yabon Annabi, kowace da karin da ake rera ta. Takardun na cikin gafaka, duk mai karatu zai iya karantawa. Karin kuwa a maƙogwaron Malam Tukur kaɗai ya rage. Ɗansa Bashir, ma'aikaci a sakatariya, shi ya ga tsohon na ja baya ya ce a ɗauka tun da sauran lokaci.

Wurin Lawandi ya fara kai shi, don matar Bashir ƙanwar Lawandi ce. Lawandi ya sa wa tsohon abin ji a kunne, ya kunna masa ɗan ƙwas-ƙwas ɗin nan da ke riƙe wa mawaƙi ma'auni. Malam ya fara baiti, ya tsaya, ya cire abin ya ajiye a cinya.

“Bashir, tashi mu tafi. Ni ban saba karatu ana ƙwanƙwasa mini kai ba.”

Labarin ya riga su isowa teburin shayi. Da Bashir ya yi sallama a zaurena washegari, na tarbe shi kamar an aiko mini da rawani.

Kwana tara muka yi. Da hantsi ake kawo shi a motar wani maƙwabci. Ba ya zama a kujera, sai na shimfiɗa masa buzunsa, kuma da yake sandar makirfo ba ta gajarta haka, sai na kifa turmi na ɗaure makirfon a jikinsa da tsumma. Na kashe fanka muna ta gumi. Na roƙi mai injin markaɗen bayan gidanmu ya yi mini haƙuri har azahar. Zakaran gidanmu ma sai da na sa aka kai shi gidan yayata. Numfashin Malam ba ya kai shi nisa, saboda haka baiti-baiti muke ɗauka. Ya rera ɗaya in tsayar, ya huta, ya kurɓi ruwan ɗumi, mu ci gaba. Kowane baiti ya zama guntu mai zaman kansa a rumbun kwamfuta, wato inda take ajiya, Layi ce kawai ta san wanne ke bin wanne. Bashir na gefe da takardun yana bi da yatsa. Ƙasida goma sha uku muka gama a haka, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa wa kowa kai. Inda ya ga dama ya ja, inda ya ga dama ya yi sauri, ni dai ina biye.

A rana ta tara Bashir ya fara mayar da takardu gafaka, sai Malam ya juyo da fuska wajena.

“Ɗan nan, na'urarka ta gaji?”

“Allah gafarta Malam, ba ta gajiya.”

“To akwai ɗaya. Ba ta cikin takarda. Baba ya yi ta ne da mahaifiyarmu ta rasu, ya hana a rubuta, ya ce abin cikin gida ne. Ni da ƙanwata Asabe muka ji ta a bakinsa. Yanzu na ga in na tafi da ita na yi rowa.”

Bashir ya ɗago kai da sauri. Shi kansa bai taɓa jin akwai ta ba. Baiti arba'in da ɗaya Malam ya rera, yana tsayawa yana share ido da hannun riga. 

Da aka kai Malam mota, Bashir ya dawo ya miƙo mini wayarsa.

“Malam Habibu, zuba mini ko ɗanyen ne. Musamman ta ƙarshen nan. Ina so Goggo Asabe ta ji yau.”

A sana'armu akwai al'ada, ba a fitar da ɗanyen aiki. Tela ba ya ba ka riga da zare na lilo. Haka na faɗa masa, kuma da gaske akwai tari da za a cire, akwai ƙarar babur a wuri biyu. Amma ba shi ne dalilina ba. Na san in ta shiga wayar Bashir matarsa za ta ji, in ta ji za ta tura wa yayanta, in ta isa hannun Lawandi zai jefa ta cikin Tubali, ya miƙe muryar, ya shimfiɗa mata fiyano, a wayi gari ana juyi da ita a wurin biki. Har ina hango shi yana yi.

“Ka ba ni mako biyu,” na ce. “In ba ka abin da za ka ajiye wa jikoki.”

Bashir mutum ne mai kunya. Ya mayar da wayarsa aljihu ya ce Allah ya kai mu.

Bayan kwana biyu sai ga Lawandi da kansa a dakalina, riƙe da wani ƙaramin rumbu na ajiya a leda.

“Habibu, na ji labarin abin da Malam ya rera. Damina ce, wutar nan ba ta da tabbas, kuma na san naka na ajiya ya mutu tun bara. Zuba kwafi a nan in ajiye maka. Wallahi ba zan buɗe ba.”

“A ba kura ajiyar nama?” na ce.

Ya tsaya ya kalle ni, ya nannaɗe ledarsa ya tafi. Na shiga ciki ina jin na ci nasara. Har sai da na ba da labarin a bencin gabas aka yi dariya.

Mako biyu ya zama wata biyu. Ku da kuke cewa aikin danne-danne ne, ku zo ku cire tarin tsoho daga tsakiyar kalma ba tare da kun cire harafi ba. Wani baitin sai in yi wuni a kansa. Ga shi ina so in fitar da abin da duk ɗan Tubalin da ya ji zai sunkuyar da kai, saboda haka abin da ya gyaru ma sai in koma in sake gyarawa. Bashir ya kira in ce saura kaɗan. Ya sake kira in ce saura ƙiris.

Shekarar ce damina ta yi mana ɓarna. Ruwa kwana da kwanaki, katangun ƙasa na zubewa a unguwa. Wata Talata da la'asar ina tsakiyar ƙasida ta goma sha ɗaya aka yi tsawa, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ƙwan fitila ya fashe, lasifika ɗaya ta yi gurnani ta mutu, kwamfuta ta fitar da hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba. Ban gama jimamin wannan ba, a cikin makon indararon zauren ya toshe, ruwa ya bi azara ya sauko kan barguna da katifun bango. Wata uku ban ɗauki ko sallamar mutum ba. Sha'iraina suka watse, 'yan Islamiyya suka kai waƙar saukarsu bakin titi. Har mai cewa gidansu ba sa yin Tubali na hango shi yana fitowa daga shagon Lawandi, ya gan ni ya shiga gyaran hula. A cikin wannan daminar Malam Tukur ya kwanta, kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

A wurin zaman makoki Bashir ya karɓi gaisuwata da hannu biyu, bai tambaye ni komai ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na cire rumbun daga ƙonanniyar kwamfutar na kai wa wani mai gyara a Kongo. Ya yi kwana goma yana lallaɓa shi, sannan ya kira ni.

“Oga, muryoyin sun fito. Amma sunayensu sun tafi, ranakun sun tafi, abin da ke jera su ma ya tafi.”

Ya nuna mini a allo. Guntaye birjik, kowane da lambar da ba ta nufin komai, na Malam a cakuɗe da na 'yan biki da na masu mandiri, kamar an zazzage buhun gero da na dawa a tsakar gida ɗaya. Ba abin da zai raba su sai kunne. Ga shi ba ni da kwamfuta. Kuma duk cikin ganuwa, mai na'urar da za ta ɗauki wannan aiki, mai kunnen da zan yarda da shi, mutum ɗaya ne. Kwana uku ina wucewa ta gaban shagonsa kamar mai zuwa wani wuri. A na huɗu na cire takalmi na shiga.

Lawandi ya ɗago. “Habibu? Lafiya? Wa ya rasu kuma?”

Na ajiye rumbun a gabansa na faɗa masa komai. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya sallami mawaƙin da ke jira, ya jawo mini kujera kusa da tasa, ya jona rumbun.

“Sai dai fa,” na ce, don hali zanen dutse ne, “muryar Malam ba za ta shiga akwatunan nan naku ba. Ba na so a tura mata ko numfashi ɗaya.”

Ya kalle ni ta gefen ido, ya danna wani ɗan maɓalli a saman allo. Akwatunan suka ɓace. Fili ya buɗe, dogayen layuka a kwance, babu ma'auni babu ƙwas-ƙwas.

“Tun yaushe take yin haka?”

“Tun ranar da aka saka mini ita.”

“To me ya kai ka sa wa Malam ƙwas-ƙwas a kunne?”

“Sabo. Hannuna ne ya tafi da kansa. Kai me ya hana ka tambaya duk shekarun nan?”

 Na haura shekara goma ina kiran abu kurkuku ban taɓa leƙa ƙofarsa ba. Wanda ya ɓata wa Ɗan Mairo kiɗa hannunsa ne ya ɓata, da kunnen da bai koyi ji ba. Da Layi aka ba shi ma da ya samu hanyar ɓatawa. Haushin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a kan wani ɗan Tubali ba, don wannan karon kaina nake jin haushi.

Mako biyar muka yi. Lawandi ya hana kowa shiga shagon daga safe zuwa azahar, a lokacin da aiki ke binsa har gida. Mu kunna guntu, mu rufe ido yadda aka koya mana, mu ce wannan na biki ne, a jefa can, wannan Malam ne, a ajiye nan. Ranakun Asabar da Lahadi Bashir ya zo da gafaka, in mun sa baiti ya nemo shi a takarda, ya faɗi ƙasidar da lambarsa, mu ɗora shi a mazauninsa. Inda Malam ya rera baiti sau biyu ni ke tuna wanda muka zaɓa. Ba mu daina faɗa ba, kada ku ɗauka. Wuƙar yankan murya ta Tubali har gobe ina cewa dakusasshiya ce, sai ka zagaya gari kafin ka yanke tari ɗaya. Shi kuma ya ce da Layi na da hankali da ta koya mini ajiye kwafi. Amma tana da wata dabara ta shafa wa guntaye launi, kowace ƙasida da nata, wadda ta rage mana wahala ƙwarai, kuma ban faɗa masa ba sai yau da nake rubutawa. Ƙasida goma sha uku suka tashi cif, da karinsu da jinkirinsu.

Saura ta goma sha huɗu. Guntayen sun fito duka, arba'in da ɗaya, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma babu takardar da za a duba. Duk baitocin da amsa-amo ɗaya suke ƙarewa, saboda haka ƙarshen wannan ba ya nuna maka farkon wancan. Na farko mun gane shi, don da sunan Allah ya buɗe, na biyu salati ne. Na ƙarshe ma mun gane, addu'a ce. Tsakaninsu kuwa sai Allah. Ni da Bashir sau ɗaya muka ji ta, kuma ranar ba wanda ke cikin natsuwar da zai riƙe jeri. Lawandi ya ce mu bi gajiyar muryar, inda ta fi dishewa nan ne baya. Ni na ce mu bi abin da ke bayan muryar, don wajen ƙarshe mai markaɗe ya gaji da jira ya fara taɓa injinsa. Muka haɗa dabarun biyu, muka yi kwana uku muna ja-in-ja, muka fitar da jerin da muke ganin ya yi ma'ana. Sannan Bashir ya ɗauko Goggo Asabe.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama cikin farin mayafi. Ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mata tabarma a gaban lasifika. Lawandi ya kunna. Da muryar yayanta ta cika shagon sai ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi. Baiti shida suka wuce. A na bakwai ta ɗaga hannu.

“Tsaya, ɗan nan. Wannan ba nan yake ba.”

“Goggo, ina yake?” in ji Bashir.

“Baba bai kai ta maƙabarta tun yanzu ba. Sai da ya faɗi yadda take raba mana tuwo, ya faɗi ciwon, ya faɗi daren da ta kira mu. Kun binne Inna tun tana da lafiyarta.”

Muka matsar da shi baya. Ta gyara mana wani, ta sake gyara wani. Na fara jin ƙwarin gwiwa, na ce ashe za a kai. Da muka zo wajen na goma sha biyu ta sake ɗaga hannu, Lawandi ya tsayar.

“Wanne ke bi, Goggo?” na tambaya.

Ta murza bakin mayafinta.

“Ina 'yar shekara tara na ji ta. In kun sa ba daidai ba jikina yana gaya mini. Amma daidai ɗin ban riƙe ba. Yaya ne ya riƙe.”

 Can ta ce a sa mata sauran yadda suke, ko a hargitse ne, tunda dai muryarsa ce. Aka sa. Ta ji mahaifiyarta ta rasu, ta ji ta dawo tana daka, ta ji an yi mata wanka, ta ji tana goya ta. Ta saurara har addu'ar ƙarshe ta shafa, ta ce Allah ya yi mana albarka, mun yi ƙoƙari.

Bashir ya kai ta mota ya dawo karɓar filashin da muka zuba masa aikin. Ya karɓa ya tsaya a bakin ƙofa yana juya shi a hannu.

“Malam Habibu, ba don faɗa ba, ina so in sani ne kawai. Ranar nan da na miƙo maka waya, da ka yarda, minti nawa zai ɗauka?”

Na so in ce abin ba sauƙi, sai an haɗa, sai an fitar, sai an duba. Amma Lawandi na zaune, ya san amsar, ya kafa ido a kan allo bai juyo ba.

“Kamar huɗu,” na ce.

Ya gyaɗa kai, ya sa filashin a aljihun gaba, ya ce in gaida gida.